Ƙiriniyar da bulala ba ta magani

Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san irin yaron nan. Akwai shi a kasuwar Dole ta Damagaram, akwai shi a Katako ta Yamai, akwai shi a babbar kasuwar Maraɗi da ta Tawa. A aike shi rumfar maƙwabci ya karɓo canji, sai a tsinto shi bakin tasha yana kallon masu lodin mota, kuɗin na hannunsa, ya manta abin da ya fitar da shi. A ce ya zauna ya tsare kaya, kafin uwarsa ta gama alwala ya hau buhu ya sauka sau goma, ya kifar da tiya guda ta gero. Ana magana sai ya tsoma baki, ana layi sai ya kutsa. A lakkwal mushe ya gaji da shi, kayensa duk rabin rubutu ne, kullum sai an saya masa sabon biro. A makarantar allo kuwa shi ne wanda dorina ta fi sani.

Sunayen da muka ba shi suna da yawa: ɗan ƙiriniya, mai rawar kai, mai kunnen ƙashi, gagararre, marar kan gado. Hanyar da muke bi da shi ma sananniya ce. Da farko faɗa, sannan bulala, sannan rubutu da hayaƙi. In duk an yi bai canza ba, sai a fitar da shi daga lakkwal a ce ba shi da kan boko, ko a haɗa masa ƙullin kayansa a tura shi almajiranci can nesa, wai ko duniya za ta koya masa hankali. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da uwaye, musamman mu da kasuwa ke cinye wa yini, za su san cewa wasu daga cikin waɗannan yara larura ce ke damunsu, larurar da likitocin duniya suka sani, suka ba ta suna, suka kuma samo hanyoyin sauƙaƙa ta.

Lokotoro a nan ƙasar zai rubuta ta da haruffa huɗu na faransanci, TDAH. Da Hausa muna iya cewa larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi. Fuska biyu gare ta. Ta farko ita ce kasa tsayar da hankali kan abu guda: mantuwa, ɓatar da kaya, fara aiki a bari ba a ƙarasa ba, a yi wa yaro magana ido da ido amma kamar da bango ake yi. Ta biyu ita ce motsi da gaggawa: kasa zama, yawan surutu, aikata abu kafin tunani ya iso. Wani yaron yana da guda ɗaya, wani yana da duka biyun.

Kada wani ya karanta wannan ya koma gida ya ɗora wa kowane ɗansa ciwo. Yaro ɗan shekara uku da ke guje-guje lafiyarsa ce, kuma uwa ta fi tsoron wanda ya kwanta shiru. Likitoci suna da sharuɗɗa masu tsauri kafin su ce larura ce. Sai alamomin sun kai aƙalla wata 6 suna nan, sai sun fara bayyana kafin yaro ya cika shekara 12, sai an gan su a wuri fiye da ɗaya, wato a gida da lakkwal, ko a kasuwa da makarantar allo, sannan sai sun wuce na sa'o'insa har suna ɓata masa karatu ko zama da mutane. Yaron da ke natsuwa lau gaban kawunsa amma yake tayar da ƙura gaban uwarsa, wata maganar ce daban.

Mun san akwai masu cewa ai wannan sabon salo ne na Turawa, su da ba su iya tsawata wa ɗiyansu. Tarihi bai goyi bayansu ba. Tun shekarar 1798 wani likita ɗan Sikotlan, Alexander Crichton, ya rubuta bayanin mutanen da hankalinsu ba ya tsayawa wuri guda tun suna ƙanana. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a birnin Landan kan yaran da ke da wayo daidai da kowa amma ba su iya riƙe kansu, a zamanin da bulala ke aiki a makarantun Ingila ba ƙaƙƙautawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar cikin kundinta na cututtuka, wanda sabon bugunsa ya fara aiki a watan Janairun 2022. Wani babban nazari na 2007 da ya tattara bincike daga nahiyoyi daban-daban ya gano kusan yara 5 cikin 100 na da ita. Wani kuma na 2020 da ya tsaya kan Afirka kaɗai ya sami kimanin 7 cikin 100. Ku ƴan lissafi ne, ku yi da kanku: ajin da ke da yara 60, abin da ba baƙo ba ne a garuruwanmu, zai iya ƙunsar uku ko huɗu. A ƙasar da kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, wannan ba ƙaramin jama'a ba ne.

To mene ne ke faruwa cikin kan yaron? Ku ɗauki ranar da kasuwa ta cika. Mai kura na ihu, mai rediyo ya ƙure murya, ana ciniki a rumfar dama, ana rigima a ta hagu. Duk da haka kunnen ƴar kasuwa na tsamo muryar mai saye guda, ya ture sauran baya, har ta lissafa canji ba kuskure. Wannan tacewa aikin ɓangaren gaba ne na ƙwaƙwalwa, wanda kuma shi ne ke cewa mutum dakata kafin ka yi. Ga mai wannan larura, matacin ba ya riƙewa sosai, duk muryoyin suna shigowa da ƙarfi ɗaya, kuma wadda ta fi sabunta ita ke tafiya da shi. Masu bincike a Amurka da suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ɗaruruwan yara sun bayyana a 2007 cewa wannan ɓangare na nuna a makare ga masu larurar, da jinkirin kusan shekara 3. Ke nan ɗan shekara goma na iya zama da wayon ɗan shekara goma, amma riƙon kansa na ɗan shekara bakwai ne.

Wata uwa za ta ce: ƙarya yake, ai in ya sami salula yana kallon fim ko motsi ba ya yi har batir ya mutu. Gaskiya ne, kuma likitoci sun san haka. Abin da ke canza hoto kowane daƙiƙa, yake ba da daɗi nan take, shi ke riƙe irin wannan ƙwaƙwalwa. Abin da ke gagarar ta shi ne aikin da ladarsa ke can gaba, kamar kwafar darasi daga tabulo ko tsaron rumfa lokacin da babu ciniki.

Mafi yawan abin gado ne. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado na ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na dalilin. Don haka kafin maigida ya ɗora wa uwargida laifin lalata yaro, ya dubi danginsa, ya dubi kansa. Shin babu wani ƙane da ya buɗe shago uku ya rufe cikin shekara biyu? Babu wanda kullum makullinsa a ɓace, bashin da ya bayar ba ya tuna wa ya ba? Larurar ba ta ƙarewa da balaga ga kowa. Guje-gujen na raguwa, amma mantuwa da gaggawa na bin mutane da yawa har girma, kuma an ƙiyasta manya 2 zuwa 3 cikin 100 na tare da ita.

Bayan gado akwai abubuwan da ke ƙara haɗarin, kuma wasunsu a hannunmu suke. Haihuwar bakwaini da haihuwar jariri marar nauyi na ciki, abin da ke ƙara nuna amfanin awon ciki. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai har yaro ya suma, da sanƙarau, suna iya barin tabo a natsuwar yaro bayan ya warke. Sai kuma darma. Mutanen Maraɗi ba su manta abin da ya faru maƙwabta a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dutsen zinariya mai darma ta kashe yara fiye da 400. Waɗanda darma ba ta kashe ba takan taɓa musu ƙwaƙwalwa, ko da kaɗan ce ta shiga jini. Masu fasa tsoffin baturan mota kusa da inda yara ke wasa, da masu sayar da kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai, su ji wannan da kyau. Masu alewa da lemun kwalba kuwa su kwantar da hankalinsu ta wannan fanni: nazarin da aka tattara a 1995 bai sami shaidar cewa sukari na sa yaro ƙiriniya ba. Haƙora dai yana ɓata su.

Inda abin ya fi ba mu tausayi shi ne wajen ɗiya mata. Ana samun larurar ga maza kusan ninki biyu na mata, amma wani ɓangare na wannan rata ya zo ne daga cewa ta mace ba ta cika yin ƙara ba. Yarinyar ba ta hawa katanga, ba ta dambe. Tana zaune shiru, idonta na kan mushe, hankalinta na wani gari. Ita ce ake ɗora wa farantin talla ta dawo kullum da giɓin dala ashirin ko hamsin, ba ta ci ba, ba ta ɓoye ba, kawai ba ta san inda lissafin ya kubce mata ba. Ita ce ke barin tuwo ya ƙone tana tsaye gaban tukunya. A ce mata sakarya, a ce mata shashasha, wani lokaci har a kira ta ɓarauniya a gaban ƙawayenta. Da yake ba ta damun kowa a aji, babu wanda ke tambayar dalilin da ya sa take maimaita aji, sai a yanke cewa boko ba nata ba ne, gara a yi mata aure. A gidan miji kuma a sake sabon lale: ƙazama, marar kula, ba ta iya riƙon gida ba. Uwaye mata da ke karanta wannan shafi, ko ake karanta muku, in kuna da irin wannan ɗiya ku daina ƙirga giɓin faranti kaɗai, ku duba ko abin na bin ta ko'ina.

Ba mu hana kowa addu'a ba, kuma babu likitan kirki da zai hana. Abin da muke ƙi shi ne a ce iska ce ko sammu ko bakin kishiya, a kwashe jarin uwa jikka bayan jikka ana hayaƙi da yanka, a raba zumunci a kan zargin da ba shi da tushe, yaro kuwa yana nan yadda yake. Muna kuma ƙin gidajen da ake sa wa yara mari a ƙafa da sunan gyaran hali. Kowa ya ji abin da ƴan sanda suka tarar a Kaduna a watan Satumban 2019, lokacin da suka fito da mutane ɗaruruwa daga irin wannan gida, da yawa yara ne, wasu da sarƙa a ƙafa. Uwayen da suka kai su sun biya kuɗi ne suna zaton alheri suke yi.

Bulala kuwa dalilin da ya sa ba ta aiki a nan a fili yake. Duka na koya wa yaro abin da bai sani ba ne cewa laifi ne. Wannan yaron ya sani sarai. Tambaye shi, zai karanta maka dokar tiryan-tiryan, har ya yi kuka ya rantse ba zai sake ba, kuma da gaske yake. Matsalarsa ita ce a daidai lokacin da abin ya taso, hannu ya riga tunani. In aka yi ta dukansa a kan abin da ba ya iya riƙewa, sai fatarsa ta saba, ya koyi ƙarya don ya tsira, ya kuma yarda cewa shi lalatacce ne tun da kowa haka yake faɗa. Daga nan hanya a buɗe take zuwa tasha da ƴan shaye-shaye. Bincike ya tabbatar masu larurar da ba a kula da su ba sun fi faɗawa shan ƙwaya, kuma mun san yadda tiramol ya yi wa matasan garuruwanmu. A ƙasar Danmak an bi bayanan mutane kusan miliyan 2, aka wallafa a 2015 cewa masu larurar na mutuwa da wuri ninki biyu na sauran, galibi ta hanyar haɗari. Ku tuna da haka ranar da za ku miƙa wa saurayi mai gaggawa makullin kabu-kabu don dai a huta da shi a gida.

Sai dai kafin a ce larurar ce, dole a kawar da abubuwan da ke kama da ita, kuma a ƙasarmu suna da yawa. Yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci aka zaunar da shi awa huɗu ana yi masa faransancin da bai ji ko kalma ba, dole ya yi ta mutsu-mutsu. Wanda ya zo aji bai karya ba, ko mai ƙarancin jini, ko wanda ya kai tsakar dare yana talla a tasha, ba zai natsu ba. Wani kunnensa ne ke ruwa ba ya ji sosai, wani tabulon ne ba ya gani. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na ƴan daƙiƙoƙi kamar an ɗauke shi, ya dawo bai san an yi ba, kuma ita maganinta daban ne. Akwai kuma yaran ƙauyukan bakin iyaka da suka ga ƴan bindiga da idonsu, waɗanda firgici ke hana zama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na bukatar a duba shi, shi ya sa muke cewa a fara da likita mafi kusa, a nemi a auna ido da kunne da jini, a tafi da kayen yaron da abin da mushe ya faɗa a kansa. Babu awon jini ko hoton kai da ke nuna TDAH. Da tambayoyi da lura ake gano ta, don haka bayanin uwa ya fi kowace na'ura.

Maganin farko ba ƙwaya ba ne. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 don ƙananan asibitoci ya sa koyar da uwaye a gaba. Abubuwa ne da ba su cin ko dala. A kira sunan yaro, a bari ya dubi mai magana, a ba shi aike guda ɗaya, ya maimaita da bakinsa. In an ce ya sayo gishiri, ya biya wajen tela, ya gaida inna, to biyu sun zube a hanya. A yaba masa nan take in ya yi daidai, ko da abin ƙarami ne, domin yaron da ke jin tsawa sau hamsin a yini kalmar madalla guda na yi masa aikin da dorina ba ta yi ba. Hukunci ya zama gajere, a kan lokaci, iri ɗaya kullum, ba yau a yi dariya gobe a yi duka ba. A kasuwa a ba shi aikin da ke da motsi, jera kaya, kai saƙo kusa, kiran masu saye, a bar tsaron akwatin kuɗi ga wani. A lakkwal a roƙi mushe ya zaunar da shi gaba, nesa da taga, ya riƙa sa shi goge tabulo ko raba kaye don ya sami dalilin tashi. Babba mai irin wannan hali kuma ya riƙi littafin bashi da gaske, ya rubuta kafin mai karɓa ya bar rumfa.

Ƙwayar magani akwai ta. Tun 1937 likita Charles Bradley a Amurka ya lura cewa wani magani mai farkar da ƙwaƙwalwa na sa irin waɗannan yara natsuwa. Wanda aka fi sani yau shi ne metilfenidat, da ake sayarwa da sunan Ritaline, kuma yana taimaka wa yara da yawa. Amma magani ne da dokar ƙasa da ƙasa ta 1971 ta sa wa takunkumi, ba a fara shi ga yaron da bai kai shekara 6 ba, yana iya rage cin abinci da barci, kuma sai ƙwararren likita ne ke rubuta shi yana bin awon yaron. Ba ya warkar da larurar, yana sauƙaƙa ta ne muddin ana sha. Muna jan kunne da babbar murya: kada uwa ta je wajen mai tallar magani a faranti ta ce a ba ta abin da zai kwantar da yaro. Abin da zai ba ta ƙwayar barci ce ko ruwan maganin tari, wanda zai dusashe yaron ya kuma koya masa shaye-shaye tun yana ƙarami.

Ga magabata kuma muna da magana. Kulawar kyauta da aka kafa a 2006 ta tsaya ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, alhali wannan larura sai yaro ya shiga lakkwal take fitowa fili, lokacin da komai ya koma aljihun uwaye. Ba kowace mai sayar da ƙuli-ƙuli a Tasawa ko Madawa ke iya barin rumfarta ta kai yaro sashen masu tabin hankali na babban asibitin Yamai ko na Damagaram ba, kuma sunan wurin kaɗai ya isa ya sa ta fasa, don kada a ce ɗanta mahaukaci ne. Abin da ake bukata shi ne ma'aikatar kiwon lafiya ta horar da manjojin CSI su iya gane alamomin, su ba uwaye shawara, su tura masu tsanani gaba. Ma'aikatar ilimi kuma ta sa darasin cikin makarantun horar da malamai na Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauran jihohi, don mushe ya san bambancin yaron da ya ƙi da wanda ya kasa.

Mu ma ba sai mun jira Yamai ba. Kowace lakkwal na da kwamitin COGES da ƙungiyar uwaye mata, kowace kasuwa na da sarkinta da shugabannin layi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, na haɗuwa kowane mako don zubin asusu. Komawa lakkwal na zuwa ne a watan Oktoba, kuma ranar 10 ga watan ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. A wannan mako kowace ƙungiya na iya gayyato manjon unguwa da mushe guda su zauna rabin awa bayan zubi, kowace uwa ta zo da kayen ɗan da ke damunta.